Kimiyyar Akwatin Ƙarfe: Yadda Ake Zaɓen Sef da Kafa Shi a Gida

Gabatarwa

Tun zamanin da, Bahaushe yana da dabarunsa na adana dukiya. Wani yakan tara a asusu, wani ya kulle a sanduƙi ko adaka, wani kuma ya zuba a tukunya ya binne a ƙarƙashin gado. Waɗannan dabaru sun yi amfani a lokacin da dukiyar ta kasance wuri ce ko azurfa, waɗanda gara ba ta ci, danshi kuma ba ya lalatawa. A yau kuwa mafi yawan abin da magidanci yake jin tsoron rasawa takarda ce: takardun kuɗi, takardar shaidar mallakar fili, takardun kammala makaranta, fasfo, da yarjejeniyar ciniki. Sai kuma gwal ɗin matan gida. Wannan ne ya sa sef, wato akwatin ƙarfe na ajiya mai makulli na musamman, wanda a da sai a banki da baitulmali ake ganinsa, ya shigo gidaje da shaguna.

Sai dai mutane da yawa suna sayen sef ne da ido. Suna duba ƙyallin fenti da kaurin ƙofa, su biya, su kai gida su ajiye a cikin kabad. Abin da wannan darasi zai nuna shi ne, babu sef ɗin da ba ya buɗuwa, babu kuma wanda wuta ba za ta ci ƙarfinsa ba idan ta daɗe. Aikin sef shi ne jinkirta ɓarawo da jinkirta zafi. Saboda haka da minti ake auna ingancinsa, kuma wanda ya fahimci inda waɗannan mintoci suke fitowa shi ne zai iya zaɓe da kyau. Duk ma'aunin zafin da za a ambata a nan na Salsiyas ne.

Darasi daga tarihin makulli

A shekarar 1784 wani Bature ɗan Ingila mai suna Joseph Bramah ya ƙirƙiro wani irin makulli mai wuyar sha'ani. Kamfaninsa ya rataye guda ɗaya a tagar shagonsa da ke Landan, tare da alkawarin lada mai tsoka ga duk wanda ya buɗe shi ba da mabuɗinsa ba. Makullin ya yi shekaru masu yawa a wurin ba wanda ya iya. A shekarar 1851, lokacin babban bajekolin duniya da aka yi a Landan, wani Ba'amurke mai suna Alfred Charles Hobbs ya zauna a kansa ya buɗe shi. Amma aikin ya ɗauke shi sa'o'i 51 a cikin kwanaki 16. A wannan zuwan kuma ya buɗe shahararren makullin Chubb, wanda Jeremiah Chubb ya ƙirƙiro a shekarar 1818.

Mutane a lokacin sun firgita, suna ganin tsaro ya ƙare. Amma mai hankali zai lura cewa babu ɓarawon da yake da sa'o'i 51 a gidan wani. Makullin da ya tsayar da gwani na tsawon wannan lokaci ya yi aikinsa. A kan wannan fahimta ce aka gina duk gwaje-gwajen da ake yi wa sef a yau.

Maƙiyi na farko: wuta

Mafi yawan mutane suna zaton cewa tunda ƙarfe ba ya kama wuta, duk abin da ke cikin akwatin ƙarfe ya tsira. Wannan kuskure ne babba. Ƙarfe ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 1,400 zuwa 1,500, gobarar gida kuwa ba kasafai take kaiwa nan ba. Amma ƙarfe yana cikin abubuwan da suka fi saurin isar da zafi daga wannan gefe zuwa wancan. Duk wanda ya taɓa barin cokali a cikin tukunyar miya ya san haka. Akwatin da mai walda ya haɗa da falle ɗaya na ƙarfe, idan gobara ta kewaye shi, tanda yake zama. Za a same shi a tsaye bayan wuta ta mutu, a buɗe a tarar da gawayi.

Dalili kuwa shi ne, kayan da ake ajiyewa ba su da juriyar ƙarfe. Takarda tana kama wuta a wajen digiri 230, kuma tun kafin nan take fara yin baƙi tana ƙaƙƙarfewa. Takardun kuɗi na roba, irin na naira 5 da 10 da 20 da 50 da aka fara fitarwa a Nijeriya tsakanin 2007 da 2009, sun fi rauni, domin roba tana fara tattarewa daga wajen digiri 120. Faifan ajiyar bayanai na kwamfuta da hotuna sun fi kowa saurin lalacewa. Gwal tsantsa ne mai juriya, domin ba ya narkewa sai a digiri 1,064, ko da yake sarƙa da 'yan kunne, da yake an gauraya su da wasu ƙarafa, suna narkewa ƙasa da haka. Gobarar ɗaki kuwa idan ta kankama tana haura digiri 600 cikin ɗan lokaci. 'Yan kasuwa sun ga irin wannan asara a gobarar babbar kasuwar Yamai ta shekarar 1982, da ta kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016.

To yaya ake hana zafi shiga? Amsar tana cikin ruwa. Sef mai jure wuta bango biyu gare shi, na waje da na ciki, a tsakaninsu kuma an cika wani abu mai hana zafi wucewa. Abin da aka fi sani shi ne jibsam, wani farin dutse mai laushi da ake haƙowa a wurare irin su Fika ta Jihar Yobe, ana kuma sa shi a cikin siminti. Daga gare shi ne ake yin farin garin nan da ake kwaɓawa a yi silin na zamani, ko a ɗaure karaya a asibiti. Tun a shekarar 1843 aka yi rajistar wannan dabara a Amurka da sunan Daniel Fitzgerald na birnin New York.

Jibsam yana aiki ta hanya biyu. Ta farko, yana isar da zafi a hankali ƙwarai, ƙarfe ya fi shi sauri ninki ɗari ko fiye. Ta biyu ta fi ban mamaki. Ko da yake a bushe ake ganinsa, kusan kashi 21 cikin ɗari na nauyinsa ruwa ne da ke ɗaure a cikin ƙwayoyin sinadarinsa. Wato a cikin kilo 10 na jibsam akwai ruwa fiye da kilo 2. Idan zafi ya haura digiri 100, sai wannan ruwa ya fara kwancewa yana zama tururi. Ɗaliban kimiyya sun san cewa ɗaga zafin kilo ɗaya na ruwa daga digiri 0 zuwa 100 yana buƙatar kilojul 420, amma mayar da shi tururi yana buƙatar kilojul 2,260, wato fiye da ninki biyar. Duk wannan makamashi daga wutar yake fitowa, kuma muddin akwai sauran ruwan da bai ƙone ba, zafin da ke cikin bangon ba zai yi nisa da digiri 100 ba. Wannan ita ce hikimar da ke sanyaya ruwan randa: ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yana bushewa, yana tafiya da zafi. Amma ruwan jibsam yana da iyaka. Da zarar ya ƙare, zafi zai ci gaba da shiga. Shi ya sa ake cewa sef na rabin sa'a ne, ko na sa'a ɗaya, ko na biyu.

Akwai cibiyoyi masu zaman kansu da ke gwada wannan. Wadda ta fi shahara ita ce Underwriters Laboratories ta Amurka, wadda aka kafa a shekarar 1894, ana gane tambarinta da haruffan UL. A gwajinta na sa'a ɗaya, ana sa sef a cikin tanderu a ɗaga zafi har digiri 927, kuma wajibi ne zafin cikinsa kada ya wuce digiri 177, har a lokacin da yake hucewa. Wannan shi ne ajin da ake rubuta wa lamba 350, kuma na takarda ne. Ajin da aka tanada don faifan kwamfuta shi ne mai lamba 125, wanda cikinsa ba ya wuce digiri 52. A nan ya kamata a lura: digiri 177 ya tsirar da takarda, amma ya wuce abin da kuɗin roba da faifai za su jure.

Maƙiyi na biyu: ɓarawo

Abin da ke tsayar da wuta ba shi ne ke tsayar da ɓarawo ba. Jibsam yana da laushi, har da farce ana iya kankare shi. Sef da yawa masu jure wuta, ƙarfensu na waje bai fi na ƙofar firji kauri ba, guduma da kurfi sun isa su fasa shi. Sef na maganin ɓarawo kuwa yana buƙatar ƙarfe mai kauri, da sakatu masu shiga cikin jikin akwatin sosai, da wani falle mai tauri a gaban makulli wanda ke dakushe bakin injin huda. Wasu kuma suna da ƙarin sakata ta ɓoye wadda ke faɗawa ta datse ƙofar idan aka doki makullin. Sef ɗin da ya haɗa kariya biyun yana da tsada da nauyi, domin bangonsa yakan ƙunshi ƙarfe da kankare na musamman.

A nan ma da lokaci ake aunawa. A tsarin UL, alamar RSC ta matakin farko tana nufin akwatin ya jure minti 5 a hannun gwani mai amfani da ƙananan kayan aiki. Alamar TL-15 tana nufin ƙofar ta jure minti 15, TL-30 kuma minti 30. Mai karatu zai iya raina waɗannan mintoci, amma lokacin da kayan aiki ke taɓa sef kaɗai ake ƙirgawa, kuma masu gwajin ƙwararru ne da suka riga suka ga zanen cikinsa. Ga ɓarawon da ke aiki a cikin duhu, yana tsoron ƙara, minti 15 ɗin gwani na iya zama dare guda. A ƙasashen Turai kuma ana amfani da ƙa'idar EN 14450 ga ƙananan akwatuna, da EN 1143-1 ga manya. Galibi ana samun tambarin gwaji a jikin ƙofa ta ciki. Idan babu shi, to maganar mai sayarwa kaɗai ake da ita.

Akwai lissafi mai sauƙi da zai taimaki mai saye. Nauyin ƙarfe giram 7.85 ne a kowane santimita ɗaya mai fuska shida daidai. Akwatin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa duk santimita 40 ne, idan kaurin ƙarfensa santimita 1 ne, zai kai wajen kilo 75. Idan kuwa kaurin milimita 2 ne kawai, ba zai wuce kilo 15 ba. Saboda haka sef mai wannan girma da yaro zai iya ɗauka da hannu ɗaya ya riga ya tona asirin kansa. Amma nauyi kaɗai ba hujja ba ne, domin yana iya zama na abin da aka cika a bango. A tambayi kaurin ƙarfen kansa, na ƙofa da na jiki, ba kaurin ƙofar gaba ɗaya ba.

Makulli da lambar sirri

Makullan sef iri uku ne. Akwai mai mabuɗi, wanda ba ya buƙatar batir, amma mabuɗi yana ɓata, ana kuma iya kwafarsa. Akwai mai faifan juyawa, wanda ke da ƙafafu uku a ciki, kowace da tsaga, ƙofa ba ta buɗuwa sai tsagogin uku sun daidaita a layi ɗaya. Akwai kuma na lantarki mai maɓallai, wanda yake da saurin buɗewa da sauƙin canza lamba, amma yana dogara da batir, masu arha daga cikinsu kuma suna da rauni ƙwarai.

Faifan da ke da lambobi 100 da ƙafafu uku yana ba da 100 sau 100 sau 100, wato haɗi miliyan ɗaya. Masanin kimiyyar nan Richard Feynman, wanda ya sami kyautar Nobel a shekarar 1965, ya nuna raunin wannan lissafi a lokacin da yake aiki a Los Alamos a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. Ya gano cewa makullan akwatunan takardun ofishinsu suna buɗuwa ko da an kauce wa lambar gaskiya da biyu sama ko ƙasa. Ke nan ya isa a gwada lamba ɗaya a cikin kowace biyar, wato 20 sau 20 sau 20, haɗi 8,000 kacal. Ya kuma lura cewa mutane suna zaɓen ranakun da suka shafe su, ko lambobin lissafi da suka haddace, wasu ma ba su taɓa canza lambar da akwatin ya zo da ita daga masana'anta ba. Darasin a fili yake: a canza lambar masana'anta tun ranar farko, a guji shekarar haihuwa da lambar waya da lambar mota, kada kuma a ajiye mabuɗin ko-ta-kwana a cikin sef ɗin ko a aljihun teburin da ke kusa da shi.

Kafa sef a gida

Sef ɗin da ba a ɗaure ba, akwati ne kawai da aka tara wa ɓarawo kaya a wuri ɗaya. Zai ɗauke shi ya tafi inda yake da kwanaki, ba mintoci ba. Saboda haka ne ƙa'idar UL ta ce sef mai alamar TL-15 ya kai kilo 340 ko kuma a ɗaure shi, ƙa'idar Turai kuma ta buƙaci a tanadi hanyar ɗaure duk wanda bai kai kilo 1,000 ba.

Wuri mafi kyau shi ne daɓen kankare a ɗakin ƙasa. Sef yakan zo da huda a gindinsa ko a bayansa. Ana ɗora shi a wurin, a yi alama, a huda daɓen da inji daidai faɗi da zurfin da masana'anta ta faɗa, a share ƙurar ramin sarai, sannan a sa ƙusoshin kankare masu buɗewa a cikin rami idan an ɗaure su, a ɗaure daga cikin sef. Idan daɓen siriri ne, kamar yadda yake a gidaje da yawa, gara a haƙa a zuba sabon kankare mai kauri a bar shi ya yi ƙarfi, wanda cikarsa kan ɗauki kwana 28. Bulo mai rami ba ya riƙe irin wannan ƙusa da kyau sai an cika ramin da kankare, bangon ƙasa kuwa ba ya riƙewa ko kaɗan. Kada kuma a yi wa sef mai jure wuta sabuwar huda, domin ta nan zafi da ruwa za su shiga.

Dalilin zaɓen kusurwar ɗaki yana cikin darasin ƙarfin ɗagawa da ake koyarwa a aji. Idan ɓarawo ya zo da sandar ƙarfe mai tsawon mita ɗaya, ya sa matokarinta santimita 5 daga bakinta, hannun da yake dannawa ya zama santimita 95, wato ƙarfinsa ya ninka sau 19. Mutum mai nauyin kilo 60 zai matsa wa ƙofa da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 1,140. Maganin wannan shi ne a hana shi filin juya sandar. A sa sef a kusurwa yadda gefen da ƙofar ke buɗewa zai kasance dab da bango, a kuma tabbata gindinsa ya zauna daram a kan daɓe ba tare da gibin da za a cusa ƙarfe ba.

A nisanta shi daga kicin, da ɗakin janareta, da inda ake ajiye fetur ko tukunyar gas. A gidan da ruwa ke shiga da damina, a gina masa dakali na kankare a ɗaure shi a kai, domin mafi yawan sef ba sa hana ruwa shiga. Ambaliyar Maiduguri ta watan Satumba na 2024 ta nuna yadda ruwa ke cika gida cikin dare ɗaya. Ko ba ambaliya, cikin sef mai jure wuta yakan yi danshi, har takardu su yi fumfuna. A sa takardu a cikin leda mai rufewa, a ajiye ƙullin sinadarin nan mai tsotse danshi irin wanda ake samu a kwalin sabon takalmi, a kuma riƙa buɗe ƙofar lokaci lokaci. Idan kuwa gobara ta auku, kada a yi gaggawar buɗewa. Takardar da ta yi zafi a inda babu iska tana iya kamawa nan take idan iskar oksijin ta shiga. A bari ya huce sarai.

Abin da sef ba ya iyawa

Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Yawan waɗanda suka san akwai sef a gida, yawan haɗarinsa. A kawo shi ba tare da shela ba, a sa amintaccen ma'aikaci ya kafa shi. Duk da haka ya kamata mutum ɗaya amintacce a cikin iyali ya san yadda ake buɗewa, domin idan mai gida ya rasu ba zato, kada takardun gado su maƙale. Idan kuma 'yan fashi suka zo da makami suka nemi a buɗe, rai ya fi dukiya.

Haka kuma sef ba ya kare darajar kuɗi. Naira dubu da aka kulle bara ba ta sayen abin da take saye a lokacin. Canjin kuɗi na watan Afrilu na 1984, da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 da Babban Bankin Nijeriya ya sanar a watan Oktoba na 2022, sun jefa waɗanda suka tara tsabar kuɗi a gida cikin gaggawa da fargaba. Kuɗi mai yawa wurinsa banki, inda hukumar inshorar ajiya ta NDIC, wadda aka kafa a 1988, take ba da kariya har zuwa wani adadi. Sef na gida na kuɗin buƙatar kwanaki kaɗan ne, da gwal, da takardun da ke da wuyar sakewa. Waɗannan ma a ɗauki hotonsu a ajiye kwafi a wani gida dabam.

Kammalawa

Kafin a sayi sef, a zauna a rubuta abin da za a ajiye, a kuma tantance wanne ya fi barazana a wurin, wuta ko sata ko ruwa. A nemi tambarin gwaji, a tambayi kaurin ƙarfe, a ware kuɗin kafawa tun a cikin kasafi. Ƙaramin sef da aka ɗaure da kyau a kusurwa ya fi babba da aka jingina a bango.

Aikin aji

1. A ƙarƙashin kulawar malami, a zuba ruwa a kofin takarda a riƙe shi da matsefi a kan harshen kyandir. Me ya sa gindin kofin ba ya ƙonewa muddin akwai ruwa? Yaya wannan ya yi kama da aikin jibsam?

2. Bangon wani sef yana ɗauke da kilo 15 na jibsam. Kilojul nawa ake buƙata don mayar da ruwan da ke cikinsa tururi?

3. Idan makulli yana da ƙafafu huɗu, kowace da lambobi 100, haɗi nawa yake da shi? Nawa zai rage idan ana iya kauce wa lamba da biyu sama ko ƙasa?

4. Idan aka matsar da matokarin sandar nan mai tsawon mita ɗaya zuwa santimita 10 daga bakinta, sau nawa ƙarfin mai dannawa zai ninka?